Manhaja ta ce amarya ta rufe ido: fashin baƙi kan ƙirƙirarriyar basira a sana'ar hoto

Da zarar gero da dawa sun shiga rumbu, an sayar da riɗi da zoɓo a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko Gujungu ranar Lahadi, sai bukukuwa su ɓarke a ƙasarmu. Daga nan har zafin bazara ya kankama, mai hoto ba shi da Juma'a ko Asabar ta kansa. Ɗaurin aure a wannan ƙauye da hantsi, kamu a wancan da la'asar, gobe walimar saukar Alƙur'ani, jibi suna. Ni da nake wannan sana'a tsakanin Ringim da ƙauyukan da ke kewaye da ita, nakan dawo daga biki ɗaya da hotuna wajen 1,500 a katin ajiyar kyamara, alhali abin da masu biki za su karɓa bai fi 120 ba: na albam, da guda biyu ko uku na firam, da waɗanda ƙawayen amarya ke so a tura musu ta WhatsApp a daren nan, ba sai gobe ba.

Tsakanin 1,500 da 120 ɗin nan wahalar take. Ko daƙiƙa biyar-biyar ka ba kowane hoto, ka ci sama da awa biyu ba ka fara gyara ko guda ba. Maigidan da ya koya mini aiki ya fara ne a zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya ke cin hoto 36, a kai Kano a wanke, a jira kwanaki. Shi tun kafin ya danna yake yin zaɓensa: ya gyara wa ango hula, ya kori yara daga gefe, ya ƙirga uku. Mu kuwa kyamararmu tana harba hoto biyar ko goma a daƙiƙa guda, sai muka ɗage zaɓen zuwa dare, gaban kwamfuta, ido na yaji, zuciya na lissafin man janareta.

Wannan aikin na dare shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, suka zo su ɗauke mana. Sunayen da suka fi yawo a bakin masu hoto su ne Aftershoot, Imagen, Narrative Select da FilterPixel, sai Lightroom na kamfanin Adobe wanda ya daɗe a hannunmu amma yake ta ƙara sababbin dabaru, sai irin su Evoto masu gyaran fuska, da Remini da ke cikin wayar kusan kowane matashi. Mutane sukan haɗa su a kwando ɗaya su ce "AI tana gyara hoto". A gaskiya ayyuka uku ne mabambanta. Akwai tantancewa, wato zaɓen hoton da za a bari. Akwai daidaita haske da launi. Akwai kuma ƙirƙira, inda manhaja ke sa abin da babu shi a hoton, ko ta cire abin da ke ciki. Duk wanda bai raba su ba zai yi ɗaya daga cikin biyu: ko ya guji abin gaba ɗaya ya yi asarar amfaninsa, ko ya sakar masa ragama ya ɓata amanar da aka ba shi.

Bari mu fara da tantancewa, don a nan na fi daɗewa ina gwaji. Idan ka juye katinka a kwamfuta, abu na farko da manhajar ke yi shi ne ta karanta lokacin da aka ɗauki kowane hoto, tun da kyamara tana rubuta awa da minti da daƙiƙa a jikinsa, sannan ta duba kamannin hotunan da juna. Goma da ka harba wa ango yana gaisawa da waliyyi sai ta ɗaure su dami ɗaya. A cikin damin sai ta auna kaifi. Yadda take gane hoto mai dishi-dishi ba wani siddabaru ba ne: inda baƙin gira ya haɗu da fatar goshi, idan hoton ya fita tar, canjin launi yakan zo farat ɗaya, idan hannu ya yi rawa ko kyamara ta saita kanta a kan bango maimakon fuska, canjin sai ya bazu a hankali. Wannan bambancin take ƙirgawa. Daga nan ta nemo fuskoki, ta duba ido a buɗe yake ko a rufe, baki a murmushi yake ko a tsakiyar magana. A ƙarshe ta ba hoto maki, ta sa masa taurari ko alamar launi, ta ce ga zaɓaɓɓe, ga makamantansa, ga na watsarwa. Ba ta share komai da kanta. Alama kawai take sawa, sai in kai ka danna.

Wajen ɗaure dami da kama dishi-dishi, gaskiya ta fi ni. Ba ta gajiya, ba ta gyangyaɗi da ƙarfe biyun dare. A hoton taro mai mutum ashirin, za ta jero maka fuskokin a gefe ɗaya bayan ɗaya, ka ga wanda ya ƙifta ba tare da ka yi ta jan hoto kana ƙara girmansa ba. Wanda ya taɓa wanke hoto ya sa a firam sannan aka nuna masa baban ango ido a rufe, ya san darajar wannan.

Makin kyau shi ne inda ya kamata mu tsaya mu duba da kyau. Na'ura ba ta san kyau ba, koya mata aka yi. Ana tara hotuna masu ɗimbin yawa da mutane suka riga suka ba maki, a yi ta nuna mata har ta iya hasashen makin da za su ba wani sabo. Ɗaya daga cikin sanannun tarin da masu bincike ke amfani da shi, mai suna AVA, ya fito a 2012 da hotuna sama da 250,000 da aka kwaso daga wani shafin gasar hoto na intanet, kuma da shi Google ya horar da tsarinsa na auna kyan hoto mai suna NIMA a 2017. Su kuma kamfanonin da ke sayar wa masu hoton biki manhaja, kasuwarsu ta farko tana Amurka da Turai da Ostareliya. A bikin can, hoton da ake nema shi ne amarya ta ɗago kai tana dariya, ta zuba wa kyamara ido ko wa angonta. Abin da aka nuna wa na'ura ke nan, shi kuma ta riƙe.

To a nan wace amarya ce ke ɗago kai ranar kamu? Karon farko da na ba wata manhaja hotunan wani biki da na ɗauka a wani ƙauye kan hanyar Taura, kusan duk hotunan amarya sai ta jefa su cikin na watsarwa, da dalilin wai ido a rufe. Yarinyar ba rufe ido ta yi ba. Kanta a sunkuye yake cikin mayafi, idonta na kan lallen hannunta, gwaggonta na riƙe da kafaɗarta tana yi mata magana a kunne. Hoto guda da manhajar ta ba taurari biyar shi ne wanda wata ƙawa ta tsokane ta, ta ɗago tana dariya baki buɗe. Da na kai albam, uwar amarya ta wuce wannan da sauri, ta ce, "Ɗana, wannan kada ya shiga hannun dangin miji, sai a ce ba ta da kunya." Wanda ta riƙe ta daɗe tana kallo har ta share ƙwalla shi ne na sunkuyon. Da na bi zaɓen na'ura, da hoton bikin gaba ɗaya ya tafi kwandon shara.

Ba yau kyamara ta fara kuskuren karanta ido ba. A 2010 mujallar Time ta ba da labarin wata ƙaramar kyamarar Nikon da ke ta tambayar wata mata 'yar asalin Taiwan ko wani ya ƙifta, alhali idonta a buɗe yake, ƙirar idon ce ba a koya wa na'urar ba. Mu ma muna da namu abubuwan da ba a koya mata ba. Hakimi ya ja amawali ya rufe baki da hanci, ido kawai a waje, sau da yawa ba ta ma gane akwai fuska a wurin. Haka mai niƙabi. Kwalli mai kauri yakan rikita ta. Ranar hawan sallah a Gumel ko Haɗejiya ko Kazaure, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jafi, ƙura ta turnuƙe, ƙafafun doki sun narke cikin gudu, wannan a ma'auninta hoto ne mara kaifi. A wurin mai dokin kuwa, shi ne wanda zai biya ninki biyu a wanke masa babba. Hazon hunturu ma haka take yi masa, ta ɗauke shi aibin da ya kamata a goge, alhali shi ke gaya wa mai kallo a wane lokaci na shekara aka yi bikin.

Sannan akwai abin da babu horon da zai koya mata: wane ne wane. Ba ta san dattijon da ke can gefe cikin tsohuwar riga shi ne ya riƙe ango tun yana maraya ba. Ba ta san in kishiyar uwa ta fito a hoto biyu, uwar ango a ɗaya, za a yi maganar har shekara ba. Ba ta san liman da mai unguwa da dagaci kowa sai ya ga kansa ba. Albam ɗin biki a ƙauye rajista ce ta zumunci, kowa yana duba ko an ƙirga da shi. Manhaja tana zaɓar hoto mafi kyau a cikin dami, amma idan mutum sau ɗaya tak ya shigo gaban kyamara kuma hoton ya ɗan yi rawa, za ta watsar da shi, ta watsar da mutumin tare.

Aiki na biyu, daidaita haske da launi, yana buƙatar a fahimci abu guda tukuna. Kyamarori suna iya ajiye hoto iri biyu: JPEG, wanda kyamara ta riga ta dafa ta matse, da RAW, ɗanyen hoto mai ɗauke da duk abin da idon kyamara ya kama. Ɗanyen yana da nauyi, na kyamara mai megafikzel 24 yakan kai megabait 25, don haka biki mai hoto 1,500 ya tasar wa gigabait 37. Amma shi ke ba da damar a ciro fuska daga duhu ko a dawo da zanen aiki a farar riga da rana ta wanke. A Lightroom gyaran ba ya taɓa ainihin hoton; lambobi ne ake rubutawa a gefe, ƙara haske kaza, rage ɗumin launi kaza. Abin da manhaja irin Imagen ko Aftershoot ke yi shi ne ta yi hasashen lambobin da kai za ka sa. Tun 2011 masu bincike na jami'ar MIT da Adobe suka tara ɗanyen hoto 5,000, suka ba mutum biyar masu horo kowa ya gyara su duka, don a koya wa na'ura yadda hannun ɗan'adam ke juya waɗannan lambobi. Manhajojin yau sun ɗora a kan wannan tunani: ka ba su dubban hotunan da ka gyara da hannunka, su koyi salonka, su riƙa yi maka irinsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancinmu a karkara JPEG muke ɗauka saboda kati da faifan ajiya, mu gyara a Photoshop ko a waya da Snapseed, mu tura, mu share don a samu wuri. Ba mu da tarin dubban hotuna da tarihin gyaransu da za mu koyar da na'ura. Sai dole mu ari salon da aka riga aka shirya, na wani mai hoto a wata ƙasa, wanda ya gina shi a kan farar fata da farar rigar amarya da koren lambu. Ka ɗora wannan a kan hoton ɗaurin aure da tsakar rana a ƙofar masallaci, farar shadda mai sheƙi tana mayar da hasken rana, fuskoki baƙaƙe a ƙarƙashin hula: ko dai fuska ta koma toka-toka kamar wanda ya kwana a bakin murhu, ko ta yi ja kamar manja. Launin anko ma yakan gurɓace, kuma mata ba sa yafe wannan. Wadda ta biya kuɗin atamfa ruwan goro ba za ta karɓi hoton da ya mayar da ita ruwan ƙasa ba.

Wannan matsala ta girmi kwamfuta. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton baturiya, da ake kira katin Shirley, da shi ake saita launin injin wanki. In fatarta ta fita daidai, an gama. Baƙar fata ba ta cikin lissafi. Binciken wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ya nuna cewa cikin abubuwan da suka matsa aka gyara fim har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita a hoton talla. Sai a 1995 Kodak ya fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Da aka zo zamanin AI sai tarihi ya maimaita kansa. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka gwada manhajojin manyan kamfanoni uku masu gane namiji ko mace daga fuska. Kuskurensu a kan maza farare bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kashi 34.7. Ba manhajojin gyaran hoton biki suka gwada ba, amma tushen cutar ɗaya ne: abin da aka fi nuna wa na'ura shi ta fi iyawa. An samu gyara daga baya. Google ya fito da tsarin Real Tone a wayarsa Pixel 6 a 2021, a 2022 kuma ya rungumi ma'aunin launin fata mai mataki goma na Ellis Monk, malami a jami'ar Harvard. Mu nan ma shaida ne: cikin abin da ya sa Tecno da Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, suka mamaye kasuwarmu har da saita kyamararsu da aka yi don baƙar fuska ta fito.

Duk da haka, a wannan aiki na biyu akwai abubuwa biyu da ba zan so in koma rayuwa babu su ba. Tun 2021 Lightroom yake iya ware mutum daga bayansa da dannawa ɗaya, a 2022 ya ƙara iya ware fatar fuska daban, gashi daban, ido daban. Ma'ana zan iya ɗaga hasken fuskar ango ba tare da na ƙona shaddarsa ba, aikin da a da sai na bi gefen fuska da linzamin kwamfuta kamar mai ɗinkin hula. Na biyu shi ne mai share tsakin duhu da ya fito a Afrilun 2023. Duk wanda ya ɗauki kai amarya da dare, a soro mai ƙwan fitila ɗaya da fitilun waya, ya san yadda hoto ke fitowa kamar an watsa masa yashi. Wannan dabara tana kwashe yashin ta bar fuska. Sai dai ɗanyen hoto ta fi so, kuma tana cin ƙarfin kwamfuta sosai. Tsohuwar laftof takan yi mintuna a kan hoto ɗaya.

Aiki na uku shi ne wanda nake jin tsoro, kuma shi ya fi sauƙin samu, tun da a waya ma ana yi. Manhajar gyaran fuska an koya mata cewa duk abin da ya katse santsin fata aibi ne. Ba ta bambanta ƙurji da bille. Kalangu, zube, 'yar baka, fashin goshi, duk tabo ne a wurinta. Tawadar Allah ta goge, wushirya ta nemi haɗewa, tabon sallah a goshin dattijo ta share shi tas. Tsagar nan ita ce ke nuna gidan da mutum ya fito, kuma yaran yanzu ba a yi musu, wato fuskokin tsofaffin nan su ne na ƙarshe da ke ɗauke da ita. Mai hoton da ya bari na'ura ta goge ta ya goge wa jikoki shaidar asalinsu.

Haka masu "raya" tsohon hoto. Mutane suna zaton manhajar tana tono abin da ya ɓoye ne a cikin dishi-dishin. Babu abin da ya ɓoye. Abin da kyamara ba ta kama ba ya tafi, sai na'ura ta cike gurbin da fuskokin da ta saba gani. A 2020 wani ya ba irin wannan tsari, mai suna PULSE, hoton Barack Obama da aka dusashe, sai ya fito da fuskar bature. Wani matashi ya taɓa kawo mini hoton mahaifinsa marigayi, ɗan ƙaramin fasfo da ruwa ya taɓa, ya riga ya sa shi a wata manhajar waya, yana so in wanke masa babba. Hoton ya fita tar, har gashin gemu ana ƙirgawa. Na ce ya kai wa mahaifiyarsa tukuna. Washegari ya dawo jiki a sanyaye, ya ce, "Malam, Inna ta ce wannan ba Baba ba ne." Asalin muka wanke, da dusashewarsa.

Kada a ɗora wa na'ura laifin duka. "Don Allah a ɗan haska ni" magana ce da kowane mai hoto yake ji kullum, tun kafin AI, kuma daga ƙasar da man bilicin ke da kasuwa take fitowa. Abin da ya canza shi ne yanzu dannawa ɗaya ce. Ni dai matsayina, ina cire ƙurjin da ya fito ranar biki, ina rage maiƙon zufa, amma ba na canza launin da Allah ya yi mutum da shi, ba na taɓa tsaga. Hoton fasfo kuwa, na jarrabawa ko aikin hajji ko banki, ba ya shiga manhajar gyaran fuska ko kaɗan, don ranar da jami'i zai haɗa hoto da fuska, mai shi ne zai sha wahala.

Sai maganar kuɗi, wadda masu tallata waɗannan manhajoji a YouTube ba sa yi da mu a zuciya. Da dala ake biya. Wasu kuɗin wata ko na shekara ne, Imagen kuwa yana da tsarin caji a kan kowane hoto. Adobe ma tun 2013 ya koma tsarin haya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Man fetur da ke ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin hoton biki a ƙauye bai bi wannan tashin ba, tun da aljihun manomi ne ke biya. Ga laftof mai ƙarfi, ga sola ko janareta, ga data. Manhajar da ke aiki a kan kwamfutarka ba tare da intanet ba, irin Aftershoot, tana son inji mai ƙarfi. Wadda ke aika hotuna can rumbun kamfani tana son sabis mai kyau, abin da a ƙauyuka da yawa sai an hau tudu ake samu. Mai hoton Amurka da ke cajin dubban daloli a biki ɗaya, awa biyar da ya tsira da su sun biya kuɗin manhajar ninki-ba-ninki. Mai ɗaukar biki ɗaya ko biyu a wata a nan, hannunsa ya fi masa arha. Wanda abin zai yi wa riba shi ne mai aiki jere a kaka da lokacin sallah, ko masu hoto uku-huɗu su haɗa kai a gari ɗaya mai wuta, kwamfuta ɗaya, kowa ya kawo katinsa. Manhajar sata da ake tura wa juna a filashi kuwa, sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta take zuwa, kuma hotunan mutane ne a cikin injin.

Wannan ya kai ni ga amana. Mai hoto, ko ƙanwarsa da yake turawa cikin gida da kyamara, yana shiga inda baƙon namiji ba ya shiga. Hotunan sa lalle da kamu akwai mata ba mayafi, a tsakar gidansu, sun saki jiki don sun yarda da mai ɗauka. Idan manhaja tana aika hotuna zuwa wata ƙasa don a sarrafa, ko da ƙananan kwafi ne, sun fita daga hannunka, kuma masu gidan ba su sani ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, kuma hoton fuskar mutum yana cikin bayanansa. Amma tun kafin doka, maigidan da ya ce "shiga" ya ba ka abin da ya fi takarda. Hotunan cikin gida ba na sa su a manhajar da ke buƙatar aikawa. Na ɗaurin aure da hawa, waɗanda dama a bainar jama'a aka yi, da sauƙi.

Yaran shago ma ina tunaninsu. Ni a wajen zaɓe na koyi hoto. Maigida yakan baje hotuna a kan benci ya ce in ware masu kyau, in na ware ya tambaye ni dalili, ya mayar da rabi. A nan ido ke nuna. Yaron da ya tashi ya tarar na'ura ta riga ta sa taurari, yaushe zai koyi gardama da ita? Shi ya sa nawa yaron, aikinsa na farko bayan manhaja ta gama shi ne ya buɗe jakar waɗanda ta ƙi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ciro duk wanda yake ganin an zalunta, ya gaya mini dalili. Nakan kuma kashe mata duba rufe ido idan hotunan amarya ne ko na addu'a, in sassauta ma'aunin kaifi idan na hawa ne, in bar mata ɗaure dami da daidaita hasken farko, sauran in ƙarasa da hannu. Dare biyu da nake yi a kan biki ɗaya ya koma yamma ɗaya.

Jakar waɗanda aka ƙi ba na share ta sai shekara ta zagayo, ko da faifai ya cika sai na sayi wani. Bayan sallar layya da ta wuce wata mata ta yi sallama a ƙofar shago, ɗanta na biye da ita. Wata bakwai ke nan da na ɗauki bikin 'yarta. Ta ce, "Ɗana, mahaifiyata ta rasu, kuma ba mu da hotonta ko ɗaya, ba ta yarda a ɗauke ta. An ce ranar kai amarya ta leƙo soro." Babu ita a albam. Yarona ya buɗe jakar, muka yi ta bi har wajen hoto na dubu da ɗari uku. Ga ta can a bayan 'yan kai amarya, ta dafa ƙyaure, rabin fuskarta a inuwa, hannunta ya ɗan yi rawa don tana ɗaga shi. Tauraro ɗaya manhaja ta ba shi. Na yanko wajenta, na ɗaga hasken fuskar kaɗan, na bar kalangunta yadda yake. Matar ta ce a wanke guda shida, ɗaya-ɗaya ga kowane ɗaki.